Baƙaƙen ɗigo a madubin fibro: ana iya sake yi wa zaren gilashin riga?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Saƙonka ya same ni a Garwa, ina fata kuna ta haƙuri da zafin Marwa. Ka ce madubin leƙa ciki na sashenku, wanda mu da marasa lafiya duk muke ce wa fibro, ya fara nuna baƙaƙen ɗigo a hoto kamar an barbaɗa masoro, haskensa kuma ya dusashe. Wani dillalin kayan asibiti ya ce muku wai rigar da ke kare zaren gilashin ce ta goge, ku ba shi ya kai a sake shafa ta. Can ƙarshen saƙon kuma, kamar kana jin nauyin tambayar, ka ce ko za ku iya jiƙa shi a ruwan jabel, wato bilic, idan Cidex, maganin kashe ƙwayoyin cuta da kuke jiƙa shi a ciki, ya yanke.

Duka biyun amsarsu a'a ce. Amma da yake kai ne za ka tsaya gaban shugaban sashe ka yi bayani, gara ka san dalilin da kanka.

Nemo kofin gilashi ka cika shi da ruwa, ka riƙe shi a hannu, ka leƙa ta sama kana kallon bangon kofin daga ciki. Za ka ga bangon ya koma madubi, ba ka hango abin da ke waje. Yanzu matse yatsunka a jikin kofin. Daidai inda fata ta manne, madubin ya ɓace, har zanen yatsanka za ka gani ɓaro-ɓaro. Aikin zaren gilashi ke nan gaba ɗayansa. Haske yana shiga ta baki ɗaya, yana dukan bango yana dawowa ciki, har ya fita ta ɗaya bakin, muddin abin da ke kewaye da gilashin bai kai shi ƙarfin lanƙwasa haske ba. Da zarar maiƙo ko gumi ko wani zaren ya taɓa bangon, haske ya sami ƙofa ya zurare.

Wannan matsalar ce ta daɗe tana hana mutane barci. A 1954 mujallar Nature ta buga rahotanni biyu a fitowa ɗaya: na Harold Hopkins da Narinder Kapany daga Landan, waɗanda suka aika hoto ta cikin damin zaren gilashi tsirara, da na Abraham van Heel daga Delft ta ƙasar Holan, wanda ya lulluɓe zaren da wata roba mai barin haske ya wuce. Kafin su, wani ɗan Danmak, Holger Møller Hansen, har man margarin ya gwada shafawa. Wanda ya warware ta ɗalibi ne da bai ma gama digirin farko ba, Lawrence Curtiss, a Jami'ar Mishigan ta Amurka. A Disambar 1956 ya zura sandar gilashi cikin bututun wani gilashin daban, ya narka su tare ya ja zare. Sai ga zare mai ɓargo da ɓawo, dukansu gilashi, sun manne tun a wuta, babu hanyar da datti zai shiga tsakaninsu. A Fabrairun 1957 likitan da suke aiki tare, Basil Hirschowitz, ya haɗiyi madubin farko da kansa kafin ya sa wa majiyyaci.

To ka ga riga ta farko ke nan, ɓawon gilashi. A zarurrukan da ke kai haske, ma'aunin lanƙwasa hasken ɓargo yakan kai wajen 1.6, na ɓawo wajen 1.5, wannan ɗan bambancin shi ke tsare haske a ciki. Ɓawon nan ba fenti ba ne. Ba ya gogewa, ba a kuma shafa shi. Idan shi dillalin yake nufi, to ya faɗi abin da ba ya yiwuwa.

Riga ta biyu ita ce ta kariya, kuma a nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Ana zaton gilashi abu ne marar ƙarfi da ake sa wa roba don ya yi ƙarfi. Ba haka ba ne. Sabon zaren silika, wato tsantsar gilashi, da bai taɓa komai ba yana jure ja har wajen gigafaskal 5 a ma'aunin ƙarfin ja, ya fi yawancin ƙarafa nesa ba kusa ba. Rauninsa a fatarsa yake. Injiniyan Ingila A. A. Griffith ya bayyana wannan tun 1921: gilashi yana karyewa ne daga ƙananan tsagu da ke samansa, waɗanda ido ba ya gani, duk nauyin da aka ɗora sai ya taru a bakin tsagar.

Je wajen mai yankan gilashin taga ka tsaya ka kalle shi. Ba ya sara, ba ya zarto. Layi ɗaya yake ja da ɗan ƙarfensa, ƙiiii, ya ɗora gilashin a bakin tebur ya danna, sai ya rabe tas. Tsofaffin ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje kuma idan za su karya bututun gilashi, bayan sun karce shi sukan shafa wa wurin yawu ko ruwa. Ba camfi ba ne. Ruwa yana shiga bakin tsagar ya riƙa tsinka haɗin silikon da iskar oksijin ɗaya bayan ɗaya, matuƙar gilashin yana a lanƙwashe ko a ɗaure. Shi ya sa zaren da ya sha lanƙwasa lafiya lau yau, zai iya karyewa shi kaɗai bayan wata 3 a cikin kabad, ba wanda ya taɓa shi. Karce da danshi da lanƙwasa, idan ukun nan suka haɗu, magana ta ƙare, lokaci kawai ake jira.

Aikin rigar kariya, ke nan, shi ne ta hana komai taɓa fatar gilashin tun daga haihuwarsa. A masana'anta ana zafafa sandar silika har wajen digiri 2000 a saman wata doguwar hasumiya, zare yana saukowa, kafin ya taɓa ko da taya ɗaya ta injin sai ya ratsa cikin ruwan roba, a busar da ita nan take. Riƙe wannan da kyau, don shi ne amsar dillalinku: rigar tana adana ƙarfin da zare yake da shi ne, ba ta mayar da wanda ya tafi. Zaren da ya riga ya karce, ko ka naɗe shi da zinariya, karcen yana nan a ƙarƙashi.

Rigunan iri-iri ne, kowace da inda ta fi. Zaren intanet, irin wanda aka binne a gefen bututun man Doba zuwa Kiribi, kaurin gilashinsa maikiron 125 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, gashin kai kuma yakan kama daga 50 zuwa 100), da rigarsa ta robar akirilet ya zama 250. Rigar hawa biyu ce, ta ciki mai taushi kamar katifa, ta waje mai tauri. Araha gare ta, tana da sauƙin feƙewa, amma ta gama-gari ba a son ta wuce digiri 85. Robar silikon tana kaiwa wajen 200. Foli'imid, mai launin zuma, siririya ce ƙwarai, wajen maikiron 10 zuwa 15, tana jure digiri 300, shi ya sa masu ƙera kayan asibiti ke sonta inda wuri ya yi ƙunci ko ake buƙatar dafa kaya a tururi. Sai dai duk waɗannan robobi ne, kuma babu robar da ke hana tururin ruwa ratsa ta ɗungurungum, jinkirta shi kawai take yi. Mai son toshe danshi gaba ɗaya sai ya koma ga shafen kabon, wanda kaurinsa bai kai maikiron ɗaya ba, ko shafen ƙarfe kamar alminiyom da zinariya. Waɗannan na rijiyoyin mai ne da wuraren wuta, da wuya ka gamu da su a ɗakin fibro.

Yanzu mu shiga cikin naka madubin, don labarinsa daban ne. Hoton da kake gani dubban zarurruka ne suka haɗa shi, kowane zare ɗigo ɗaya, an jera su yadda wanda yake sama ta dama a wancan baki, shi ne sama ta dama a wannan bakin. Kaurin kowanne bai wuce maikiron 10 ba, wasu ma ba su kai ba. Yi lissafi. Zare 30,000 masu maikiron 10 za su ba ka damin da bai kai milimita 2 ba. Da kowannensu zai sa riga irin ta zaren intanet, damin sai ya haura santimita 4, alhali duk kaurin madubin ciki wajen milimita 9 zuwa 10 ne, kuma a nan ne za a cusa hanyar kayan aiki mai milimita 2.8, da hanyar iska da ruwa, da wayoyi 4 masu juya kai, da damin haske. Wa zai haɗiyi abu mai kaurin taɓarya?

Saboda haka zarurrukan damin hoto kusan tsirara suke. A wata hanyar ƙera su, kowane zare ana yi masa ɓawo na uku na gilashin da asid ke narkarwa, a haɗe su duka su zama sanda ɗaya, a rufe bakunan biyu, a tsoma tsakiyar a asid. Ɓawo na ukun ya narke, tsakiya ta saki ta zama kamar gashin doki, bakunan suna nan a manne. Abin da ke kare su daga nan ɗan shafe ne mai santsi wanda bai kai a kira shi riga ba, da siririn bututun roba da aka zura damin a ciki, da wata baƙar hoda ta molibdenom da ake barbaɗawa a cikin madubin don kayan ciki su riƙa zamewa a kan juna idan ya lanƙwasa. Daga nan sai murɗaɗɗen ƙarfe, da ragar waya, da baƙar fatar waje da kake kamawa da hannu. Wato ainihin rigar zarurrukan naka ita ce wannan fatar ta waje, da robar wuyan da ke lanƙwasawa, da gam ɗin da ya toshe kewayen gilasan baki. Ita ce kaɗai a hannunka.

Shekarun baya an kawo mini wani madubi daga wani asibiti da ba zan kira sunansa ba. An ce da safe hoto ya yi hazo, aka ajiye shi mako 2 wai ya bushe, da aka ɗauko aka juya kansa sau ɗaya sai rabin hoton ya mutu. Na hura masa iska na tsoma a ruwa, sai ga kumfa siririya tana fita daga robar wuya, ramin bai fi tsinin allura ba. Da na buɗe, hodar nan ta zama kamar kwallin da aka kwaɓa, ta bushe ta ƙame. Damin hoto, wanda ya kamata ya kwanta a tafin hannuna kamar zaren alharini, ya sandare kamar busasshiyar taliya. Na ɗan taɓa shi da tsinken auduga, ina jin ƙas-ƙas. Ruwan wanki ya shiga, ya manne zarurrukan da juna, ya bar musu gishirinsa, da aka lanƙwasa babu mai iya zamewa, sai suka kakkarye a tare. Na'urar gwajin yoyo kuwa tana cikin akwatin, ko ledarta ba a cire ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi, har yau.

Kowane baƙin ɗigo da kake gani, zare ɗaya ne da ya karye. Ba ya warkewa. Amma kafin ka yanke hukunci, tabbatar ɗigon ne. Goge gilashin baki da na wurin sa ido, ka nufi farar takarda da madubin. Karyayyen zare baƙi ne wuluk, gefensa a fayyace, kuma ba ya motsi duk inda ka juya. Datti a kan gilashi dishi-dishi yake, ba shi da iyaka. Ruwan da ya shiga kuma yakan yi tabo mai faɗi, kamar taswirar da fitsarin yaro ke bari a katifa. Idan hoton gaba ɗaya ya yi rawaya ko ruwan ƙasa, tambayi ko ana yawan amfani da madubin a ƙarƙashin na'urar hoton ƙashi, domin haskenta yana rina irin wannan gilashin a hankali. Na igiyar haske kuwa, wadda ke ɗauko haske daga fitila zuwa madubi, cire ta daga fitila, ka nufi taga da baki ɗaya, ka dubi ɗayan. Inda ya yi duhu ya mutu. Idan duhun ya kai kamar kashi ɗaya cikin huɗu, lokacin canji ya yi. Kada ka taɓa leƙa ta tana jone da fitila, kada kuma ka ajiye bakinta a kan zanen tiyata tana kunne, yana ƙona yadi. Wannan ya shafi har masu sabon madubi na bidiyo: tun 1983 da aka fara sa ƙaramar kyamara a baki, hoto ya bar zare a irin waɗannan, amma a mafi yawansu haske har yanzu ta zaren gilashi yake bi.

Batun jabel. Na san abin da ya kawo tambayar, ba sai ka ji kunya ba. Kaya sai sun taso daga Duwala, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, su biyo mota ta Garwa kafin su iso ku, majiyyata kuma suna zaune a benci tun asuba ba su karya ba. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jabel yana cin ƙarfe, yana zaizaye gam ɗin da ya riƙe gilasan baki, yana busar da robar wuya har ta tsattsage. Wato yana huda rigar nan ɗaya tilo da na ce tana hannunka. Idan ya samu shiga kuma, ya fi ruwa illa, saboda sinadari ne mai kaifi irin na ruwan toka, gilashin dami kuwa ba ya jure irin wannan. Abin da aka yi domin aikin shi ne gulutaraldehaid mai kashi 2 cikin 100, wanda aka saba jiƙawa minti 20, ko maganin da ake kira OPA mai kashi 0.55, ko asid ɗin ferasetik wanda asibitocin Faransa suka fi karkata gare shi, kuma ko a cikinsu sai wanda takardar mai ƙera madubin ta amince da shi. Dukansu ba sa aiki a kan datti, sai an fara wanke hanyoyin ciki da burushi da sabulun da aka tanada. Kada kuma a bar shi ya kwana a ciki don wai ya fi tsabta. Idan magani ya yanke, a ɗage aikin ko a tura majiyyaci wani wuri.

Tukunyar tururi ma haka. Tana aiki a digiri 121 ko 134, madubi mai lanƙwasa kuwa ba a son ya wuce wajen 60, sai ƙalilan da aka rubuta a jikinsu cewa suna jurewa. Madubin ƙarfe miƙaƙƙe na tiyata da igiyoyin haske da yawa an yi su don tururi, amma ko su, bar su su huce da kansu, kada a zuba musu ruwan sanyi don ana sauri. Gilashi da ƙarfe da gam kowanne da yadda yake buɗewa da tsukewa. Ka kuma tuna cewa a watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta take haura digiri 40 a nan arewa, motar da aka rufe a rana cikinta yana iya wuce 60. Na sha ganin akwatin madubi a bayan mota, direba ya tafi sallah da cin abinci.

Akwai zare ɗaya da za ka ga rigarsa da idonka, idan sashenku yana fasa tsakuwar ƙoda da leza, ciwon da ba baƙo ba ne a ƙasar zafi irin tamu. Zaren lezar holmiyom guda ɗaya ne, ɓargonsa maikiron 200 ko 272 ko 365 ko 550, da ɓawon silika, da shafen roba mai tauri, da jaket na robar ETFE, galibi shuɗi don a gan shi a hoto. Irin wanda ake maimaitawa ana feƙe bakinsa a yanke bayan aiki. Yi da abin feƙewar da ya dace da lambarsa. Reza tana barin karce, zaren ya karye a cikin madubi daidai inda ya lanƙwasa, wutar leza ta huda hanyar kayan aiki, ruwa ya bi ta nan. Zura shi madubi yana miƙe, kuma kada likita ya taka feda sai an ga shuɗin a hoto.

Dawo ga dillalinku. Ba na cewa maƙaryaci ne, wataƙila bakinsa ne bai kama sunan aikin ba. Akwai gyare-gyare na gaskiya da suka yi kama da abin da ya faɗa: canza robar wuya, sabunta fatar waje ko canza bututun gaba ɗaya, sake gam ɗin baki, goge bakin damin haske idan ya ƙone. Duk suna da amfani, suna hana ɓarna ta ƙaru. Akwai ma ɗan injin da ke mayar wa zaren intanet riga a wurin da aka yi masa haɗi, amma zare ɗaya ne, tsawon 'yan santimita, ba 30,000 da ke cikin bututu ba. Babu ɗaya a cikin waɗannan da zai goge ɗigo ko guda. Mai goge ɗigo canjin damin hoto ne sukutum, shi ne kuma gyara mafi tsada a madubin, har wani lokaci gara a nemi wani. Ka ce ya rubuta muku a takarda sunan abin da zai canza, da inda za a yi aikin, da wata nawa ya lamunce. Kafin ku miƙa masa, ɗora wayarka a wurin sa ido ka ɗauki hoton farar takarda, ku ƙirga ɗigon tare, kowa ya sa hannu.

Idan ɗigon tsiraru ne kuma suna gefe, likita zai iya ci gaba da aiki, shi zai faɗa. Idan sun taru a tsakiya, ko suna ƙaruwa kowane mako, a dakata, don ƙaramin miki yana iya ɓuya a bayansu. Kafin nan, gwajin yoyo bayan kowane majiyyaci, tun kafin madubi ya shiga ruwan wanki: hura masa iska tukuna, ka tsoma shi a ruwa, kana juya kansa ta kowane ɓangare yana cikin ruwan, saboda wani ramin ba ya buɗewa sai roba ta miƙe. A sa wa majiyyaci abin cizo kafin a zura. A wurin wanki kada a naɗe shi ƙasa da faɗin faifai. A rataye shi a tsaye cikin kabad mai rufi, saboda ƙurar hunturu, a kuma lura da ƙofar kabad ɗin, ta datse madubai fiye da haƙoran mutane.

Gobe da safe yi gwajin yoyon, ka turo mini hoton farar takardar da lambar madubin. Idan ka ga kumfa, kada ka saki iskar yana cikin ruwa: fito da shi tukuna, ka goge shi, sannan ka sauke. Ka gaishe mini da mutanen sashen.